Rasuwar Ƴar Tsibiri a Ƙofar Injin Malam Jibril

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Grema ɗan Alhaji Goni, manomin tattasai a bakin kogin Komadugu, mazaunin garin Diffa, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa shan shayi a zauren gidanmu, rasuwar kwandalar mahaifina, wadda muke kira Ƴar Tsibiri. Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ƙofar injin niƙan Malam Jibril, bayan gajeriyar jinya. Ta bar duniya tana da shekara arba'in da bakwai. Ba na wurin lokacin da abin ya faru, amma ni ne sanadi, kuma dalilin rubuta wannan takarda ke nan.

An haifi marigayiyar a shekarar 1977, shekara biyu bayan tsibiran Komoro sun karɓi ƴancin kansu daga hannun Faransa. Ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar teku, can gabashin Afirka, wadda babu ko mutum ɗaya a danginmu da ya taɓa taka ta. A fuskar marigayiyar ɗaya akwai jinjirin wata da taurari huɗu da lamba ɗari, a ɗaya fuskar kuma kwale-kwale da kifi. Faran ɗari ce, wato dala ashirin a bakinmu. Fara ce sol kamar dala ashirin ɗinmu ta sefa, sai dai ta ɗan fi ta faɗi, ta ɗan fi ta nauyi, kuma ba ta ci a kasuwarmu.

Ta zo gidanmu ta hanyar aikin Hajji. A Mina mahaifina ya haɗu da wani dattijo mutumin tsibirin, ƙafarsa ta kumbura, ya kasa tafiya jifa. Alhaji ya riƙe masa kafaɗa, ya kai shi ya dawo da shi, kwana uku a jere. Ba su da harshen da ya haɗa su sai guntun Larabci da guntun Faransanci. Ranar rabuwa dattijon ya lalubi aljihunsa ya ciro wannan kwandala, Alhaji ma ya ciro tasa ta sefa, suka yi musaya. Har ya koma ga Allah, mahaifina bai san sunan mutumin ba. Alhajin Tsibiri kawai yake ce masa, kuma bai taɓa idar da salla bai saka shi a addu'a ba.

Marigayiyar ta yi zaman mutunci a gidanmu. Ba ta taɓa shiga hannun ɗan caca ba, ba ta taɓa kwana a aljihun wanda ba nata ba. Muryarta siririya ce mai daɗi. Idan Alhaji ya murza ta a kan tiren shayi, sai ta yi ta juyawa tana cewa “zirrr”, ta ƙare da “ƙirin-ƙirin-ƙirin, tin!”, mu kuwa yara mu fashe da dariya mu ce a sake. Da ita ya koya mana cewa akwai Musulmi a bayan teku, masu kamun kifi kamar yadda shi ma ya yi a ƙuruciyarsa. Shekarar da rashin tsaro ya tashe mu daga ƙauyenmu na bakin kogi, mun bar rumbu da injin ban ruwa da awaki goma sha ɗaya, amma Alhaji ya ƙulle ta a mazagin wandonsa, ta shigo Diffa tare da mu. Da ciwonsa na ƙarshe ya tsananta, ya kira ni ya damƙa mini ita.

“Grema, riƙe wannan,” in ji shi. “Ba ta sayen komai, don haka na san ba za ka rabu da ita ba.”

Shekara shida ta yi a aljihun gaban rigata.

Ga yadda jinyar ta fara. A kan hanyar da nake bi zuwa gona akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, sunanta Yakaka. Daga garin Damasak na Najeriya ta gudo shekarun baya, mijinta da ɗanta ba su ƙetaro kogin tare da ita ba. Ciwon yana ya rufe mata ido, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa, don haka da yatsa take gane kuɗi. Duk da haka ƙosanta ya fi na kowa a unguwar, kuma ba ta taɓa rage wa mutum ko ƙwaya ɗaya ba.

Ranar Talata na fito da sassafe ban karya ba. A jikina akwai takardar jika biyar, sabuwa fil. Ina so a lura da wannan: ba talauci ne ya sa ni ba. Na gaishe ta, na ce ta zuba mini na dala ashirin. Ta zuba, ta ƙara mini biyu gyara, ta barbaɗa yaji. Na san ba ta da canjin jika biyar, kuma na yi ƙyashin tafiya shago in fasa ta. Hannuna ya shiga aljihun gaba da kansa. Na ce a raina, gobe in zo da ta sefa in karɓi abata, wa zai sani?

Ta karɓa, ta jujjuya ta a tsakanin yatsunta.

“Ɗana, wannan ta yi nauyi,” in ji ta, da Hausarta mai gauraye da Barbarci.

“Sabuwar fita ce, Iya.”

“To, Allah ya yi albarka. Allah ya ba da yabanya.”

Ta jefa ta cikin kwanon ciniki. Na ji kwandalar ta ce “tin!” a cikin sauran kuɗi, muryarta daban da tasu. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakin marigayiyar. Na cinye ƙosan a hanya, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi mini daɗi.

Da yammacin ranar aka kira ni cewa motar da za ta kai buhunan tattasai Maine-Sorowa ta samu, sai na bi kayana. Kwana uku na yi a can.

Abin da ya faru a bayana, daga bakin Malam Jibril na ji shi. Washegari Yakaka ta ɗauki wakenta ta kai niƙa kamar kullum, ta miƙa masa kuɗi. Shi kuwa a watan nan sau biyu ana cusa masa jabun kuɗi, zuciyarsa a kusa take. Da ya ga kwale-kwale da kifi sai ya kashe inji, ya ɗaga kwandalar sama a gaban mata fiye da ashirin da ke layi. Ya ce ga irin abin da baƙi ke shigo mana da shi, an ba su wurin zama suna cutar mutane. Ya kira ta ɓarauniya. Tsohuwa ta rantse da Allah cewa ba ta aka yi, aka ce mata sabuwar fita ce. Ya ce ta faɗi sunan wanda ya ba ta. Ta ƙi faɗa. Sai ya ɗora marigayiyar a kan ƙarfe, ya sauke mata guduma sau uku har ta lanƙwashe, ya kai wa mai walda na kusa ya huda ta a tsakiya, ya kafe ta da ƙusa a jikin ƙyauren injin don ta zama darasi.

Ranar da na dawo, na biyo ta ƙofar injin, na gan ta a rataye. Ƙusar ta shiga daidai cikin kifin. Malam Jibril ya fito yana kaɗe gari daga gemunsa, ya ba ni labarin tiryan-tiryan yana dariya.

“Ka ga tsohuwar nan da ake ganin kamar waliyyiya? To ga aikinta.”

Jama'a, a nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe shi kuwa. Abin da ya fito shi ne: “Allah ya kyauta. Duniya ta lalace.” Har da girgiza kai.

Kwana goma sha tara na yi ina zagayawa ta bayan makaranta don kada in bi ta gaban injin ko ta gaban kaskon Yakaka. A cikin kwanakin nan Malam Jibril ya hana ta niƙa a wurinsa, sai da ta riƙa dogara sanda har wata unguwa da ƙwaryar wake a ka. Masu sayen ƙosai suka ragu. Waɗanda suka rage kuwa, idan ta ba su canji, sai su tsaya a gabanta suna jujjuya kowace ƙwaya suna dubawa. Duk ina jin labari. Na daina cin abinci sosai, na ce wa mutanen gida zazzaɓi ne.

Maiɗakina Fatime ce ta kawo ƙarshen abin. Ta kai gero niƙa, ta dawo ta ajiye kwanon a tsakar gida, ko mayafi ba ta cire ba.

“Malam, ina Ƴar Tsibiri?”

“Tana nan.”

“Ciro ta in gani.”

Na laluba aljihu kamar mai nema da gaske.

“Bar lalube,” in ji ta. “Shekara tara ina goge kwandalar nan da toka duk jajibirin salla don Baba ya ji daɗi. Ko an niƙe ta gari na san ta. Ina cikin matan da suka daina sayen ƙosan baiwar Allah nan, ka sani? Ni da bakina na hana yara zuwa wurinta. Ka sa na ci naman tsohuwa ina zaune a ɗakina.”

Ta shiga ɗaki, ni kuma na kasa shiga.

Da safe na tafi wurin Yakaka. Na tarar da ita ita kaɗai, mai yana tafasa, ƙosai ya taru a kwando babu mai saye. Na durƙusa na yi sallama.

“Wushe, Grema,” in ji ta, tana gaishe ni da Barbarci. “Ka daɗe ba ka biyo ba.”

“Iya, kin gane ni?”

“Ido ne ya mutu, kunne yana nan.”

Na ce mata ni ne na ba ta kwandalar. Ta ce ta sani tun ranar. Na ce to don me ba ta faɗi sunana ba lokacin da ake wulaƙanta ta?

Ta juya ƙosan da ke cikin mai kafin ta amsa.

“Ranar da muka ƙetaro kogi, mahaifinka ne ya ba ni tabarma da bargo. Ban iya kiran sunan ɗansa a gaban mata ba. Na ce zai zo da kansa. Sai dai ban zaci zai daɗe haka ba.”

Na ciro kuɗi masu yawa na ajiye kusa da ƙafarta. Ta tura su da bayan hannu.

“Ɗauke. Ba dala ashirin aka ƙwace mini ba. Inda aka kira ni ɓarauniya, can za ka je ka yi magana, da rana, mata suna layi.”

Daga nan na wuce wurin Malam Jibril na faɗa masa. Ya zauna a kan buhu ya dafe kai. Ya ce shi ma yana da abin faɗa a ranar, don bakin da ya yi zagi a bainar jama'a ba zai ba da haƙuri a ɓoye ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar gwangwanin shayin da ta fara zama a ciki, da tsofaffin kwabban Najeriya guda uku da suka yi zaman gwangwanin tare, da ƴan uwa masu yawa a tsibiran Komoro waɗanda ba mu da hanyar sanar da su. Idan Alhajin Tsibiri yana raye, ko ƴaƴansa, ina neman gafararsu. Kyautar da aka yi a Mina ta ƙare a kan ƙosai.

Jana'iza za ta kasance ranar Laraba mai zuwa, da hantsi, a ƙofar injin niƙa. Na tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma zai zo ya tsaya. Malam Jibril zai zare ƙusar da hannunsa. Fatime za ta yi wa marigayiyar wankan ƙarshe, a naɗe ta a farin ƙyalle, a kai ta gonata ta bakin Komadugu a binne a gindin tsamiya. Ba za a karɓi gaisuwa a gidana ba, ban cancanta ba. Mai son yin ta'aziyya ya wuce wurin kaskon Yakaka, ya gaishe ta, ya sayi ƙosai, kuma idan ta ba shi canji ya saka a aljihu bai duba ba.

Ana roƙon matan da ke layi a wancan Larabar su daure su halarta, kowace ta zo da wadda ta ba wa labari. Ni zan tsaya a bakin ƙyauren tun daga hantsi har a kira azahar. Duk wanda ya ji an ce akwai ɓarawo a unguwar nan, ya zo ya gan shi.

Sanarwa daga Grema Alhaji Goni, a madadin kansa shi kaɗai.