Tsokanar da Na Ɗauka a Kaset

Ba zan taɓa mantawa da kaset na huɗu ba, ko da kuwa na so in manta. Zamanin farar hula ne, tsuke bakin aljihu ya fara cizo. Ina zaune a Bodinga, ina koyarwa a kwalejin horon malamai, sai aka ce babu man da za a riƙa kai mu ƙauyuka. Malaman firamare masu neman takardar shaida za su yi karatu daga nesa: mu ɗauki darasi a kaset a aika musu, su kuma su aiko da amsa a rubuce.

To ni a aji ɗan tsokana ne. In ɗalibi ya kwafsa sai in kira sunansa a sha dariya, da na ga fuskarsa ta canza in dafa kafaɗarsa in ce wasa nake, magana ta wuce. Da wannan halin na zauna gaban rikoda (har da gyaran murya, wai ni ga ma'aikacin rediyo).

A wani kaset na tambayi malaman yadda malami zai yi da yaran da ba sa zuwa makaranta da damina. Wani Sahabi daga Horo Birni ya rubuto cewa shi bin su yake gona, in an zauna hutu ya koya musu lissafi a ƙasa da tsinke. Na karanta amsar a kaset na huɗu da cikakken sunansa da garinsu, na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai a ɗaki, na ce, "Wannan ba malami ba ne, manomi ne ya yi ɓatan kai. Sannu Malam Hauya!" A zatona wani ɗan saurayi ne.

Bayan wata biyu aka tara malaman a garin Shagari don mu ga juna. Na shiga ina washe baki, na ce, "Ina Malam Hauya?" Ba wanda ya yi dariya. Can baya wani dattijo mai furfura, sa'an mahaifina, ya miƙe a hankali.

"Ga ni, malam," in ji shi. "Ni ba ni da rikoda, ta Alhaji mai albasa muka ara. Batir kau ya yi tsada, ba a kunna ta don mutum guda. Ƙohwar gidan maigari anka kunna bayan La'asar, don kowa shi ji ilimi. Surukaina suna nan, ɗiyan da nika karantarwa suna nan. Sau ukku sunka maido wurin."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na fara kame-kame, wai raha ce irin ta malami da ɗalibi. Ya ce, "Ba komi, Allah shi ƙara sani," ya zauna. Na ci gaba da darasi, amma har yau ban san abin da na koyar ba.

Daga ranar bai sake aiko da amsa ba. Na yi niyyar zuwa Horo Birni in ba shi haƙuri a gaban mutanen da na kunyata shi, amma kullum sai in ce gobe, don kunya ta fi ƙarfina. Da soja suka zo aka shiga rage ma'aikata, marasa takarda aka fara sallama, kuma yana cikinsu. Shekara ashirin da wani abu yana koyarwa. Abin da ya fi ci mini rai, amsarsa ta fi wadda na tanada, don tawa cewa ta yi a rubuta wa iyaye wasiƙa, iyayen da ba su karanta boko.

Yanzu 'yata tana koyar da ɗaliban jami'a ta waya, tana kukan ba ta ganin fuskokinsu. Na ce mata ita dai ta ɗauka surukan kowane ɗalibi na zaune kusa da shi, sannan ta buɗe baki.