Rasuwar Fayil ɗin Rufin Ɗakin Taro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai zane na wannan kamfani nake sanar da abokan aiki rasuwar fayil ɗin rufin ɗakin taro, wanda muke kira Dattijo. Ya cika jiya Litinin bayan azahar, a kan teburina, yana da wata goma sha ɗaya a duniya.

Marigayin ba zane ba ne irin wanda ake ja layi ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idoji na ɗora masa a manhajar zane, shi kuma ya riƙe su da amana. Ka ba shi faɗin gini da tsayin tsakiya, sai kwamfuta ta yi fuuu, can ka ji ting, ga ƙarafan rufi arba'in da takwas sun fito, kowanne da irin lanƙwasarsa da ramukan kusoshinsa. Sau bakwai mai ginin yana canza ra'ayi, sau bakwai Dattijo yana sake lissafi, bai taɓa tsaki ba. Ni ne mai tsakin.

Ajalinsa a hannuna ya zo, ba zan ɓoye ba. Ni mutum ne da ba na son tarkace. Ina shirin tura wa mai walda awon ƙarafan da suka rage, na hango wani ɗan siririn layi a gefe, ba ya cikin rufi, ba ya cikin bango. Na ce wannan kuma ɗan uban wa? Na goge shi. Ashe shi ne layin da na fara ja tun ranar farko, daga jikinsa kowace ƙa'ida take ɗaukar awo. Ban duba ba na adana, na rufe, kuma saboda tsabar tsantseni na bi kwafin ajiya da ke filas ɗin kwamfuta na danne shi da sabon. Da na sake buɗewa babu fuuu, babu ting. Ƙit kawai na ji, rufin ya zube ya zama jan rubutun kuskure tun daga sama har ƙasa.

An yi iya ƙoƙari. Mai gyaran kwamfuta ya duba, ya cire tabarau, ya girgiza kai. Na ja sabon layi a inda nake zaton tsohon yake, ƙarafan suka fito a karkace kamar haƙoran tsoho.

Ya rasu ya bar ƙarafa talatin da ɗaya da aka riga aka yanka, suna jingine a farfajiyar mai walda, da marayu goma sha bakwai da ba wanda ya san awonsu. Ya bar motar ɗaga ƙarfe da za ta iso wurin gini ranar Alhamis da safe. Ya kuma bar oga, yayan matata, wanda ya ɗauke ni aiki bayan kowa ya ce masa kada ya haɗa aiki da surukuta, kuma har yanzu yana zaton rufi lafiya lau yake. Wallahi tsoro nake ji.

Za a yi jana'iza yau da ƙarfe huɗu a farfajiyar mai walda. Ba a bukatar kuka. Kowa ya zo da tef ɗin awo da alli, za mu bi talatin da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa mu gano ƙa'idar daga jikinsu. Zaman makoki kuma gobe ne da ƙarfe takwas a ofishin oga, ni kaɗai zan shiga. Masu ta'aziyya su tsaya a baranda, kuma don Allah kada kowa ya tafi sai ya ga da ƙafata na fito.