Ranar da Babbar Rigata Ta Shiga Caca a Landan

Ko da zan manta komai na zamana a Landan, ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ba, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa a ƙasarmu, ina kwas ɗin shekara guda daga ma'aikatarmu. Ina neman ƙarin wata shida, kuma takardar tana jiran sa hannun mutum ɗaya: shugabana, Alhaji Sule, wanda ya zo gari duba lafiya.

Na caɓa ado da babbar riga mai sitaci, na hau tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, daga Tottenham, takarda a aljihu. Alhaji ya ce in raka shi "wani taro". Taron ashe gidan karta ne, wadda suke kira poka. (Ni da ko ludo sai an yi mini bayani.)

A gaban kowa akwai tarin ƙwandalolin roba masu zaman kuɗi, ga farin layi zagaye da teburin. Can aka kira Alhaji waya. Ya zaunar da ni a kujerarsa, ya ce, "Idan an raba kati, mayar musu kawai. Kada ka taɓa komai."

Aka raba. Lokacina ya zo. Don in nuna ni ma wani ne, sai na yarfa hannun riga bisa kafaɗa, irin na manya. Sitaci ya kwashi ƙwandala uku ya tsallakar da su layi.

Mai rabon kati ya ce ai na zuba su a caca ke nan. Na ce Allah ya kiyaye, ai ban ce komai ba. A garinmu ko akuya za ka saya, sai baki ya furta kafin ciniki ya faɗa. Aka kira manaja, wani dattijon Bature mara fara'a. Ya ce dokarsu ita ce: idan lokacinka ne, ka tura ƙwandaloli da hannunka, suka wuce layi, to ka zuba, ko ka yi magana ko ba ka yi ba. Amma riga ba hannu ba ce. A mayar mini.

Kun ga an wanke ni ke nan. Mai hankali sai ya yi shiru. Ni kuwa raina ya ɓaci, don wani mai sigari yana murmushi kamar ƙarya na yi. Na ce, "Ku duba, da a ce da niyya na yi, ai haka zan yi!" Na sa hannu biyu na tura tarin Alhaji gaba ɗaya.

Manaja ya dubi layi, ya dube ni. Ya ce, "Wannan kam hannu ne."

Wallahi ban ma buɗe katina ba. Mai sigari ya buɗe nasa, ya jawo komai. Kunya ta rufe ni. Alhaji ya dawo ya tarar da tebur fes, ni kuma ina ta gyara riga.

Muka shiga tasi da Alhaji, na san takardata ta mutu. Sai da muka kusa masaukinsa ya ce, "A ofis, ina za ka ce mun je yau?"

Na ce, "Asibiti, ranka ya daɗe."

Ya miƙo hannu: "Kawo takardar."

Tun ranar, idan aka ce ina da gaskiya, godiya nake yi in tashi. Ba na ƙara bayani, balle gwaji.