Nomau da Gwangwanin Tsakuwa

A wani ƙauye da ake kira Kukar Bawa an yi wani manomi mai suna Nomau. Ga ƙarfi, ga haƙuri, ba ya zagi, ba ya ƙarya. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da jakinsa ma ya gane ba haka ake nufi ba. Matarsa Hansai mace ce mai tsabta da gudun abin magana, irin wadda za ta share tsakar gida sau uku kafin azahar. 'Yarsu ɗaya, Larai, shekararta shida. Da yake 'yar fari ce, Hansai ba ta kiran sunanta, ba ta riƙe hannunta a gaban mutane, sai dai ta ce "yarinyar nan".

To, Larai ɗin ce ƙaiƙayi ya kama. Wuya, lanƙwasar hannu, bayan gwiwa, duk fatar ta bushe ta yi ɓawo, yarinya ta yi ta susa har jini ya fito. Iyayen yara suka je wurin Malam Tukur mai makarantar Islamiyya suka ce ƙazuwa ce, za ta shafa wa 'ya'yansu. Malam ya ce Larai ta zauna a gida sai jikin ya warke. Duk da haka kullum da safe sai ta saka hijabinta ta tsaya a zaure tana kallon yara suna wucewa. A bakin rijiya kuwa maƙwabciyarsu Yaha ta ce, da muryar da kowa zai ji, "Ai ƙazanta ce ke kawo irin wannan." Kunya ta kama Hansai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga ranar ta fara yi wa Larai wanka sau uku a yini, da ruwan zafi da soso da sabulun soda, wanda ake wanke tukwane da shi, tana dirza yarinya na kuka.

Ana cikin haka wasu likitoci suka zo daga birni suna binciken ƙaiƙayin fata na yara. Suka ce kowace Alhamis za su zauna a ɗakin shan magani na ƙauyen, har mako takwas, kuma yaron da aka rubuta zai riƙa samun magani muddin iyayensa sun bi ƙa'ida. Hansai ba za ta iya jan 'yar fari zuwa layi mata na kallonta ba, don haka Nomau ne ya kai ta, ya dangwala yatsa a takarda. Shugabarsu, Likita Murja, ta duba Larai ta ce ba ƙazuwa ba ce, ba a ɗauka. Ta ba da sabulu mai laushi da man shafawa, ta ce wanka sau ɗaya a yini, da ruwa mai ɗan ɗumi, da tafin hannu kawai. Nomau ya dawo ya zayyana wa Hansai maganar kalma-kalma. Ta ce, "To, Malam." A ranta kuwa ta ce wanka ɗaya ai sai Yaha ta samu abin faɗa, ta ci gaba da nata.

Wata rana Likita Murja ta ba Nomau wani gwangwanin madara ta ce, "Tunda ba ka rubutu, duk lokacin da ka ga ta yi susa ka jefa tsakuwa ɗaya a nan, ka kawo mini ran Alhamis." Baiwar Allah nufinta ɗan lokacin da yake gida. Nomau ya jingine fartanya, ya cika aljihu da tsakuwa, ya shiga bin Larai ƙafa da ƙafa. Ta sosa wuya, ka ji ƙwal. Ta sosa gwiwa, ka ji ƙwal. Ran Talata aka yi suna a gidan mai unguwa, Larai ta shige cikin mata, sai ga Nomau ya biyo ta har tsakiyar taro yana ƙwal, ƙwal, mata na jan mayafi. Hansai ta ce a hankali, "Malam, don girman Allah ka fita." Ya ce, "In na fita wa zai gani? Ga shi ma ta sake." Ya jefa. Ran Alhamis da jaki ya je, buhu biyu, domin gwangwanin ya cika tun Asabar ya koma juyewa a buhu. Yaran gari suka samu abin yi: da sun hango Hansai sai su ce ƙwal su ruga. Ta daina zuwa rijiya sai tsakar rana, lokacin da ba kowa.

Wata rana Likita ta ga karce a wuyan Larai ta ce, "Farce ne ke yi mata wannan ɓarna. Kada ka bar farce ya kusance ta." Nomau ya biya kasuwa ya sayo reza. Ya yanke na Larai, ya yanke nasa, ya kama hannun Hansai da ya sha lalle ya yanke mata farce. Ya bi kaji uku da zakara ya rage musu akaifa, zakaran ya kwana biyu yana tafiya kamar mai tsoron ƙaya. Sannan ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna da reza a hannu. Ranar ce kuwa Gwaggo Tabawa, yayar uban Hansai, ta taso tun daga garinsu don duba jikar tata. Ta yi sallama, Nomau ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Gwaggo, miƙo hannu." Ta ce, "Na me?" Ya ce, "Likita ta hana." Tsohuwa ta tsaya tana salati, shi kuma ya tare ƙofa yana ba ta haƙuri. Sai da Hansai ta fito ta zube ƙasa tana roƙo, sannan aka daidaita a kan Gwaggo ta shiga amma ta naɗe hannuwanta cikin zane. Haka ta ci tuwo da cokali, karon farko a rayuwarta, ta tafi ba ta kwana ba. Hansai ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta fito ta ɗora ruwan wankan Larai.

Wata rana aka ba Nomau babbar robar man shafawa, na wata guda. Likita ta ce, "Kada ka yi rowarsa. Duk inda ka ga fata ta bushe ta tsage, ka shafa." Ya shafa wa Larai tsaf, wannan kam ba a kushe shi ba. Da la'asar ya fita majalisar dattawa a gindin ceɗiya, idonsa ya sauka a kan dugadugan mai unguwa, faso ya tsattsaga su. Nomau ya durƙusa ya kama ƙafar ya shiga mulkawa. Mai unguwa ya ce, "Nomau, lafiya?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗago ɗayar." Ya bi dattawa tara ɗaya bayan ɗaya, ya ƙarasa da mai sayar da rake. Kafin magariba roba ta yi fes. Ladan, ɗaya daga cikin dattawan, ya zame a kan takalminsa ya zauna daɓas a ƙofar masallaci, kuma kowa ya san daga wane gida man ya fito.

Ran Alhamis da ya je da roba wayam, wannan karon Likita Murja ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam Nomau, maganin nan a ƙidaye yake. Yara goma sha huɗu muke bi, sha uku jikinsu ya fara lafawa, Larai ce kaɗai kullum sai ƙaruwa. In aka sake saɓa ƙa'ida dole na cire ta, don ba zan san abin da nake aunawa ba." Nomau ya dawo da maganar gida kamar yadda aka faɗa. Hansai ta tsorata, domin in aka cire Larai ba magani, ba makaranta. Ta san wanda ya fi saɓa ƙa'ida a gidan, amma ta gwammace komai da a ce 'yarta ba ta wanku ba. Ta ce, "Malam, zancen wankan da nake yi wa yarinyar nan, kada bakinka ya faɗa wa kowa." Ya ce, "Bakina ba zai faɗa ba."

Wata rana, mako na biyar, Likita ta juya hannun Larai ta ga ya ƙara yin ja yana ruwa. Ta ce, "Akwai abin da ke cin fatar yarinyar nan da ban gani ba. Mako mai zuwa ka zo mini da duk abin da ke taɓa jikinta daga safe har yamma." Ran Alhamis tun da hantsi Nomau ya aro amalanke ya shiga lodi: tabarma, zanen rufa, kayan sawa, hijabi, kwanon koko, kujerar tsuguno, har ɗan akuyar da Larai ke runguma. Da ya gama ya leƙa ɗaki ya ce, "Hansai, hau." Ta ce, "In hau ina?" Ya ce, "An ce duk abin da ke taɓa ta. Ai hannunki ya fi komai." Ta ce ba inda za ta. Nomau ya koma ƙofar gida ya zauna a gefen amalanke yana jira. Mutane suka fara taruwa suna tambayar ko tashi za su yi daga garin, yana amsa musu cewa a'a, Hansai yake jira, ita ce kaya na ƙarshe. Da ta ga taron sai ƙaruwa yake, ta ja mayafi ta rufe fuska ta fito. Ba ta hau ba dai, ta bi bayan amalanken a ƙasa, ba ta kuma san abin da ke ƙarƙashin tabarma ba.

A barandar ɗakin shan magani mata sun cika benci da 'ya'yansu, har da Yaha, wadda ɗanta na cikin sha huɗun nan. Nomau ya shiga jera kaya a ƙasa bi da bi, yadda yini ke tafiya. Ya ajiye tabarma da zanen rufa. Ya ajiye tukunyar dafa ruwa, da soso, da guntun sabulun soda. Ya ajiye kwanon koko, ya ɗaure ɗan akuya. Sai ya koma baya ya kwaso tukunya da soso da sabulu ya sake ajiye su a gaba. Ya ajiye kwanon tuwon rana da kujera. Ya sake komawa ya kwaso su karo na uku. Mata suka fara ƙunshe dariya.

Likita ta ce, "Me ya sa kake ta yawo da waɗannan?"

Nomau ya dafe bakinsa da hannu ɗaya, ya ce ta tsakanin yatsu, "An hana bakina."

Likita ta ɗauki sabulun ta shinshina, ta shafa soson a bayan hannunta, ta dubi wurare ukun da aka ajiye su. Sannan ta dubi Hansai. Ba a taɓa jin kunya irin wadda Hansai ta ji a wannan lokaci ba, domin duk kunyar da ta sha a baya ta Nomau ce, wannan kuwa tata ce ita kaɗai. Ta ce, "Ni ce. Sau uku nake yi mata. An ce ƙazanta ce."

Likita ta ce, "Miƙo hannunki." Hansai ta miƙa. Tafin duk ya tsattsage, tsakanin yatsu ya yi fari. Likita ta ce, "Kin ga abin da ya yi wa hannun babba. Wannan ciwo ba ƙazanta ke kawo shi ba, fatar ce ba ta riƙe danshi. Ni ina zuba mata mai, ke kina kankarewa." Ta juya ga matan benci ta ce, "Tsakani da Allah, wa kuma ya taɓa sa wa ɗansa wannan sabulun?" Can wata ta ɗaga yatsa, wata ta bi, har mata biyar. Yaha ba ta ɗaga ba, sai dai ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin zanen da ba abin da ya same shi. Likita ta ce wa abokan aikinta mako biyar suna tambayar iyaye ana ce musu to, daga yau kowa ya zo da kayan wankan ɗansa a gani da ido. Ba ta cire Larai ba, ta riƙe soson da sabulun a wurinta.

Likita ta yi gargaɗin cewa irin wannan ƙaiƙayi yakan lafa ya dawo, sai an jure shafa mai. Amma cikin kwana goma wuyan Larai ya lafa ya yi sumul, Malam Tukur ya aiko a kawo ta. Safiyar da za ta koma, Hansai da kanta ta kama hannun 'yar farinta, suka bi ta bakin rijiya mata na kallo, ba ta saki ba sai a ƙofar makaranta.

Alhamis ta ƙarshe suka je su uku. Nomau ya tsaya nesa-nesa yana ɓoye gwangwani a bayansa, kansa a ƙasa. Likita ta ce ya kawo. Ya matso da ƙyar ya juye a kan tebur, tsakuwa huɗu suka gangaro. Ya ce, "Likita, ki yafe ni. Wallahi na bi ta ko'ina, ban runtsa ido ba. Iyakar abin da na samu ke nan."

Likita ta buɗe baki za ta yi masa bayani, Hansai ta riga ta. Ta tattara tsakuwan huɗu ta ƙulle a bakin zanenta ta ce, "Sun isa, Malam. Taso mu je gida."

Iyakar abin da na sani na Nomau da gwangwaninsa ke nan, ni ma na juye muku ba ƙari ba ragi.