Rasuwar Baturiyar Tandabawi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda iyalinsa suka ƙi taya shi ɗauka, Alhaji Ja'afaru direban tasi, mazaunin unguwar Shisha a Makka, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Baturiya. Ta cika ranar Talata a saman durowa, cikin kwalin dabinon da ta daɗe tana jinya a ciki.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiyar mujallar yara ce ta zanen barkwanci, 'yar ƙasar Ingila, mai fitowa mako-mako. An haife ta tun kafin yaƙin duniya na biyu. Ta sha yunwar takarda a lokacin yaƙin har ta rame, daga baya ta murmure ta shiga gida-gida. Sana'arta ɗaya ce duk tsawon rayuwarta: yara marasa kunya su wahalar da malaminsu, a ƙarshen shafi a zane su da silifa.

Mahaifin Ja'afaru ne ya kawo ta Makka. Yana tuƙa wani injiniya Bature a Jidda, da maigidan zai koma ƙasarsu sai direban ya tsince ta, ɗauri guda, a bakin shara. Ta wuce shingen bincike a ƙarƙashin kujera, ta zauna a unguwar Tandabawi fiye da shekara arba'in, ba takardar iƙama, ba kafili. Kafin tsohon ya miƙa wa ɗansa, sai da ya bi kowane hoto da biro ya ja masa layi a wuya, don kada mala'iku su ƙaurace wa gidan. Ko kare bai tsira ba.

Ja'afaru ba ya jin Turanci, ita kuma ba ta taɓa tona masa asiri ba. Yakan tara yaran lungu ya buɗe ta, ya ƙirƙiro labari da Hausa da Larabci, ita kuma ta taimaka da abin da kowa ke ganewa: bum, fau, tas. Har yau yana jin muryar nan idan ya tsaya a danja.

Ba a son faɗin aibin mamaci, amma tana da baki. Balarabe a wurinta sai da raƙumi da wuƙa, baƙar fata kuwa da ƙashi a hanci. Ja'afaru ya fi kowa dariya, har ranar da ɗan maƙwabta ya ɗora yatsa a kan hoton, sannan ya nuna Ja'afaru. Ja'afaru ya yage shafin, ya yi mako ba ya kula ta, ya dawo da kansa. An ce can gida ta tuba da tsufa, ta ajiye silifa, ta daina zagin mutane. Yaran Ingila suka ga ba sauran abin kallo, suka watse. Ta koma cikin waya, can ma ba ta daɗe ba.

Ciwon ajali ya fara ne bayan an rushe gidansu sun dawo Shisha. Ɗansa Nawaf ya gano cewa Turawa na rububin tsofaffin fitowarta a gwanjo. Nan take gida ya cika da masoya. Matarsa Kabira, wadda ta sha kiran ta shara, da hannunta ta kakkaɓe mata ƙura. Aka aika hotuna ga wani dillali a Landan. Amsarsa tambaya ce kawai: wa ya yanka su duka?

Daga ranar ba wanda ya sake duba ta, sai na'urar sanyaya ɗaki ta shiga ɗiga a kanta. Da Ja'afaru ya tambayi Kabira ko ba ta lura ba, ta ce, "Na ga ɗigon, ya Abu Nawaf. Na ɗauka sauƙi ne ya zo mata."

Ta rasu ta bar Ja'afaru, da jikoki da ba su taɓa ɗaga kai daga waya sun gaishe ta ba, da kyankyasai masu yawa da ta raina.

Abin da ya jiƙe, motar shara ta baladiyya za ta ɗauka gobe da hantsi. Shafukan da suka bushe kuwa, ƙanwarsa Ɗaso ta karɓa, za a sallame su ɗaya bayan ɗaya a teburin tsiren mijinta da ke unguwar Hindawiyya, daga bayan la'asar. Zaman makoki a falon Alhaji, shi kaɗai. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su riƙo masa tsire.