Hular Malam

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da kitson amaryar da na je yi Magarya ba, shekarar da mijina Malam ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Zamanin Turawa ne, lokacin da aka fara raba farar hodar kashe ƙwari a asibitin En'e.

Sana'ata kitso, kuma an san ni da baki. In na tsaga kan yarinya na ga ƙwarƙwata, ba na rufa asiri, sai na kira uwarta ta gani da idonta. (Har yau akwai matan da ba su yafe mini ba, ban kuwa ga laifinsu ba.)

To, mai takaba ba ta kitso, ba ta shafa mai. Haka na zauna da kai a ɗaure har ta ƙare. Ranar da na fita, ƙanwata Abu ta kwance gashin, ta duba. Can ta ce, "Yaya, kin yi baƙi a kai." Ƙwarƙwata take nufi.

Ta yi mini aikin da nake yi wa mutane. Ta shafa man shanu da ɗan kananzir, ta ɗaure kan ya kwana, ta wanke da sabulun salo, ta bi da mataji mai ƙananan haƙora, ta tsince ƙwai da farce. Ta barbaɗa hodar asibiti a tabarma, ta dafa kallabina da zannuwa, ta shanya matashi a rana. Sannan ta ce, "Akwai sauran abin da ya taɓa kanki?"

Na ce babu.

Akwai. Hular Malam ce, wadda yake sawa in za shi fadama wurin albasa. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa nake sa ta ƙarƙashin kallabi. Ƙamshinsa na jikinta (gumi ne da albasa, in za a faɗi gaskiya), na kuma san in ta shiga ruwan zafi, ya tafi ke nan. Abu na komawa gidanta, na mayar da hular kaina. Ni ɗin nan da nake gaya wa mata cewa in an bar ƙyalle ɗaya ba a dafa ba, aiki ya koma baya.

Kiran Magarya shi ne na farko bayan takaba, kuma da kitson zan ci da yara. Ɗaki cike da mata. Amarya ta sa kai a cinyata, da farin zane a kafaɗarta. Na yi nisa da aiki, sai ga ƙwarƙwata a kan farin zanen, ƙatuwa, tana tafiyarta ba gaggawa. Bakina ya riga tunanina. Na ɗaga murya na ce, "Ina uwar ɗiya? Taho ki ga abin da kunka tara."

Gwaggon amarya, Inna Kulu, tana zaune kusa da ni. Ta ce, "Mai kitso, jiya na duba kan ɗiyar ga, tas yake. Daga bisa na ga abin ya hwaɗo. Mi ke cikin kallabin nan naki?"

Kafin in kai hannu ta janye shi. Ga ni tsakiyar mata, da hular namiji a kaina.

Wata ta ce, "Ashe tun ɗazu da namiji muke zaune." Aka kwashe da dariya, har amarya. Inna Kulu ba ta yi ba. Ta san hular, don fadamarsu na iyaka da ta Malam. Ta ce a hankali, "Ta marigayi ce." Ɗakin ya yi tsit. Shirun nan ya fi dariyar yi mini nauyi.

Ta mayar mini da kallabina, ta ɗaure da hannunta. Ta ce, "Ƙarasa kitson, ɗiyata. Ki dai ja kanki baya kaɗan."

Da na koma gida na ɗora tukunya, na dafa hular. Ta fito ta koɗe, ta ƙanƙance, ba ta ƙamshin kowa sai na sabulu. Tana nan cikin akwati.

Matan Magarya sun ci gaba da ba ni kawunan ɗiyansu. Yanzu in na ga ƙwarƙwata, a kunne nake gaya wa uwa. In kuwa na tambayi mace ko akwai sauran abin da ya taɓa kanta, ta yi saurin cewa babu, sai in ɗan jira, in sake tambaya.