Yariman da Ke Bangonku Kakana Ne, Mai Guga

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Tarihin Sarauta na garinmu, Allah ya ƙara masa basira.

Bayan gaisuwa da neman afuwa, na rubuto ne game da babban hoton da kuka rataye a zaurenku, wanda aka rubuta "Yarima Mai Alfarma" a ƙarƙashinsa. Ina da littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, kuma ya nuna sau huɗu na je na duba hoton, don na san ni mai yawan kuskure ne. Ranka ya daɗe, kakana ne, Uwais mai guga.

Na ɗaya. An kawo masa rigar yariman daga Alƙahira ya goge, ya ɗan gwada ta, maƙwabcinsa mai ɗaukar hoto ya ɗauke shi. Daga baya kawuna ya haɗa hoton da tsofaffin kujeru ya sayar.

Na biyu. Jagoranku yana nuna wa 'yan makaranta tabon da ke hannun kakana a hoton, yana cewa a fagen fama ya samo shi. Dutsen guga ne ya ƙone shi. Haka kuma hancin da aka ce "irin na gidan sarauta ne kaɗai", da shi nake yawo shekara arba'in da ɗaya, ko mai sayar da wake bai taɓa ƙara mini cokali ɗaya saboda shi ba. Ko dai ni ne ban iya riƙe shi ba?

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mahaifiyata, Hajja Zakiyya, shekarunta tamanin, idonta ya yi rauni, kuma ba ta da wani hoton mahaifinta. Ranar Laraba na tura ta a kekenta har gaban bangon. Ta ce, "Baba!" Mai gadi ya ce, "Haka ne, Hajja, uban ƙasa ne baki ɗaya." Ta ce, "Uban ƙasa? Ɗan nan, mutumin da ko kyanwar gidanmu ba ta jin maganarsa?"

Na yi niyyar roƙon ku gyara sunan, har na rubuta na soke sau biyu. Ita ta hana. Ta ce shekara hamsin mahaifinta yana goge rigunan manya ba wanda ya taɓa miƙe masa, yanzu kuwa har shugaban makaranta yana rage murya a gabansa, a bar shi ya ɗana.

Don haka ku riƙe yarimanku, ƙasa na bukatarsa. Roƙonmu ɗaya ne: ku sauko da hoton kamu biyu. Daga kan keke, takalmansa kawai take gani sosai, su ma ta ce na aro ne.

Naka mai biyayya, mai rusunawa gwargwadon yadda bayansa ya yarda,

Midhat Abdulgaffar